Tambaya da Amsa: Cibiyar Alfred Mann, kamfani ce ko sashen jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar injiniya ce, burina in ƙware a ƙera na'urorin asibiti. Na ci karo da sunan Cibiyar Alfred Mann da ke Jami'ar Kudancin Kalifoniya. An ce ba ta neman riba, amma kuma na ga ana maganar sayar da na'urori. Yaya aka yi ta samu, kuma yaya waɗannan biyun suka haɗu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Sai kin san mutumin kafin ki gane cibiyar. An haifi Alfred Mann a Portland ta jihar Oregon a 1925, ya karanci fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA), kamfanoninsa na farko kuma suka ƙera farantan hasken rana na kumbunan sama jannati. Daga nan ya juya ga jikin ɗan Adam. Kamfaninsa Pacesetter ya ƙera na'urar daidaita bugun zuciya, MiniMed ya yi famfon insulin na masu ciwon suga, kamfanin Medtronic kuma ya sayi MiniMed ɗin a 2001, Advanced Bionics kuma ya yi na'urar da ake dasa wa kurame a kunne. Mutum ne da ya sha ganin wahalar fitar da abu daga ɗakin gwaji zuwa gadon majinyaci.

Matsalar da ya gani ita ce wannan. Tun 1980 dokar Bayh-Dole ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da malamansu suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya. To amma farfesa, aikinsa ya gano abu, ya wallafa, ya koma aji. Kamfani kuwa ba ya zuba dukiya a kan na'urar da ba a tabbatar za ta zauna lafiya cikin jiki ba. A wannan tsakani ne ayyuka masu kyau suke mutuwa, kuma ni abin yana ci mini rai, domin a bayan kowane ɗaya akwai masu ciwo da ke jira.

A 1998 Mann ya bayar da sama da dala miliyan 100, aka kafa cibiyar a harabar jami'ar da ke Los Angeles. Ba a kafa ta a matsayin sashen koyarwa ba. An kafa ta ne a matsayin ƙungiya mai rajistarta, da hukumar gudanarwarta, da injiniyoyinta masu albashi waɗanda ba su da ɗalibai ko jarrabawa. Aikin da aka ɗora musu shi ne su karɓi tunanin malami, su ƙera samfuri, su gwada shi har ya gaza su gyara, su nemi haƙƙin mallaka, su shirya takardun da FDA, hukumar Amurka mai ba da izinin magunguna da na'urorin asibiti, ke buƙata. Idan abu ya nuna, sai a ba wani kamfani lasisi. Kamfanin ne ke saye da sayarwa. Kason da ya dawo babu masu hannun jarin da za su raba shi. Wajen masu ƙirƙirar da jami'a da sabbin ayyuka yake komawa. Ma'anar rashin neman ribar kenan.

Aikin da ya fi burge ni shi ne BION, wanda Farfesa Gerald Loeb ya daɗe a kansa. Wata siririyar na'ura ce da ake shigarwa cikin tsoka da allura, ana ba ta wuta da umarni daga waje ba tare da waya ta huda fata ba, tana motsa tsokar da ta daina amsawa. An gwada ta a kan masu shanyewar ɓarin jiki da kafaɗarsu ke zamewa daga gurbinta.

Mann ya so ya yaɗa tsarin. An kafa irinta a jami'ar Technion ta Isra'ila, kuma a 2007 Jami'ar Purdue ta samu alƙawarin dala miliyan 100. Wasu jami'o'in sun ƙi karɓa, suna ganin sharuɗɗan za su kwashe musu iko a kan abin da malamansu suka ƙirƙiro. Ban ga laifinsu ba, jami'a tana da haƙƙin tsare aikin mutanenta, sai dai na fi karkata ga Mann: takardar mallaka da ke kwance a durowa ba ta warkar da kowa. Ya rasu a 2016.

Ke kuma, 'yata, in irin wannan wurin kike hange, kada ki tsaya ga lantarki da lissafi kawai. Ki koyi kayan da jiki ke karɓa bai ƙi su ba, irin su titaniyam da silikon, da yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin na'ura, da ƙa'idojin gwaji a kan marasa lafiya.