Kaset ɗin da ka tono a akwatina

Ɗana, na karanta saƙonka na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ka ga kaset-kaset na Don Williams, mawaƙin nan na Amurka, a tsohon akwatina, shi ne kake tambaya wace al'ada ce ta hana ɗan gidan malamai irinka ya rataya gita ya mai da waƙa sana'a, tun da ga kawunka ma yana saurare.

Tsaya ka ji inda na san mutumin nan. A 1981 ne, tsakiyar hunturu, lokacin ina aikin masaƙa a Kaduna. Na shiga Fijo ta haya za ni Jos. Mun wuce Saminaka da magariba ke nan sai belin fanka ya tsinke. Direba ya tari wata mota ya koma nemo wani, ya bar mu a bakin daji. Muka tattaro kara muka hura wuta. Wani fasinja ya ciro rikoda mai batir daga jakarsa ya danna. Murya ce mai kauri, a kwance, babu hargowa, gita na biye da ita sannu-sannu. Can sai ga wani dattijo Bafillace, sanda a kafaɗa, ya yi sallama ya tsuguna jin ɗumi. Ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba, amma bai motsa ba har fuska ɗaya ta kaset ta ƙare. Ana juyawa ya ce, "Mai waƙar nan ya san shanu. Da irin wannan murya ake kiran saniya ba ta firgita." Muka haska masa hoton da ke jikin kwalin da harshen wuta, ga malafa ga saje. Ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai.

Daga baya na gane dattijon bai yi nisa da gaskiya ba. A Floydada ta jihar Texas, ƙasar makiyayan Amurka, aka haifi Don Williams a 1939, mahaifiyarsa ce ta koya masa gita. Ya yi soja, ya yi ƙwadago iri-iri. Ƙungiyar waƙar da suka kafa a 1964 ta watse, ya koma sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa. Sai da ya haura talatin ya tafi Nashville, cibiyar irin waƙar da ake kira country, yana rubuta wa wasu waƙa, kafin a yarda ya rera da bakinsa. Waƙoƙinsa 17 suka zo na ɗaya a jerin waƙoƙin country na Amurka, har Harare ta Zimbabwe ya zo ya yi wasa a 1997. Abin da ya fi kama ni, matar da ya aura a 1960 ita ce a ɗakinsa har ya rasu a 2017.

Kakanka Malam, Allah ya jiƙansa, cewa yake waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Nufinsa makaɗa suna da gidajensu, kamar maƙera da wanzamai, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa. Bai taɓa raina su ba, na ga ranar Sallah ya tuɓe riga ya ba makaɗi. Amma yakan ce bakin da ya saba yabon mai kuɗi da wuya ya iya faɗa masa gaskiya. Na kuma san za ka kawo mini Shata, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Haka ne, ban musa ba.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Kun ɗora waƙa a TikTok da safe, kafin la'asar kuna ƙirga masu kallo. Ko hizifi goman da ya rage maka ba ka ambata ba a saƙon nan.

Ka zo da Sallah, ka taho da gitar in ji da kunnena, mahaifiyarka tana zaune. Ka haɗo da kaset ɗin da ka ɗauka, mai jan kwali. Zarensa yana sarƙewa, kada ka ja shi da hannu, da biro ake naɗe shi.