Tambaya da Amsa: Shok ɗin Gaba na Tsohon Babur Ya Ƙi Daina Yoyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur ƙirar Honda CG125 wanda na gada daga mahaifina. Shok ɗinsa na gaba yana yoyon mai, kuma da zarar na kama birki sai gaban ya nutse har ya buga da ƙara. Sau biyu ana canza oyil sil, wato zoben robar da ke tare man shok ɗin, amma ba a rufa wata guda sai yoyon ya dawo. Shin in sayi sabon shok ne, ko kuwa akwai gyaran da zai sa wannan ya fi yadda yake a da? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Idan sabon sil ya lalace cikin wata guda har sau biyu, to da wuya laifin ya zama nasa. A duba sandar ƙarfen nan mai sheƙi da ke shiga da fita a cikinsa. Tsohon babur da ya sha damina da ƙurar hunturu yakan sami ƙananan ramukan tsatsa a jikin sandar, kuma kowane rami yana da kaifin da ke yanka leɓen robar duk lokacin da shok ya motsa. Ka bi sandar da farcenka daga sama zuwa ƙasa. Inda farce ya maƙale kaɗan, ana iya gogewa da samfefa mai laushi ƙwarai haɗe da ɗan mai, amma idan ramin ya yi zurfi a daidai inda sil ke kaiwa da komowa, sai dai a sake sanda.

Haka kuma a mirgina kowace sanda a kan gilashi shimfiɗaɗɗe, domin wadda ta taɓa lanƙwashewa a hatsari za ta riƙa ɗingishi, ko da ido bai ga lanƙwasar ba. Ni dai ban yarda da miƙe sanda da guduma ba, kodayake na san ana yi.

Gyara na gaskiya shi ne a kwance ƙafafuwan shok ɗin biyu gaba ɗaya, a cire sifirin, a kwance kusar da ke can ƙasa mai riƙe da bututun ciki, a wanke komai da kananzir har baƙin laka ya fita. Wannan bututu yana da ƙananan ƙofofi da mai ke ratsawa, kuma tirjiyar da man ke yi wajen ratsa su ita ce ke hana babur tsalle-tsalle. Saboda haka man da ya ragu ko ya tsinke shi ne babban dalilin bugawar da kake ji. A gwada tsawon sifirin biyun. Idan sun gajarce ko ɗaya ya fi ɗaya, a canza su tare. Wajen sa sabon sil, a rufe bakin sandar da leda, a shafa mai, sannan a tura shi da guntun bututun roba daidai faɗinsa. Sukundireba takan huda shi tun kafin ya fara aiki.

Batun mai kuwa, a nan ne aka fi yin ganganci. Baƙin man da aka juye daga inji ba shi da gurbi a cikin shok. A nemi man shok mai lamba 10W, a zuba adadin da littafin babur ɗin ya faɗa, kuma ya zo daidai a ƙafafuwan biyu. Sirinji babba ta fi kwalba tabbas wajen awo.

Ingantawa takan zo bayan an kammala wannan. Mai ɗaukar kaya ko fasinja a hanyar burji yana iya komawa 15W, wanda ya fi kauri, yana kuma rage saurin nutsewa, sai dai zai ɗan ji tauri a kan ƙananan gargada. Sannan a gwada yadda gaban ke sauka idan ka hau: abin da ake so shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shok ɗin. Idan ya wuce haka, ana ɗora ɗan zoben ƙarfe a kan sifirin, a fara da milimita 5 zuwa 10. Zoben yana ɗaga gaban ne kawai, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, don haka wanda ya gaji sai sabo. Kada kuma a raina rigar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke rufe sandar, domin ita ce ke tare yashi.

Tun da an riga an kwance, a duba boris ɗin wuyan babur, a kuma duba takalmin birkin gaba, saboda man da ya daɗe yana gangarowa yakan jiƙa shi, kuma wanda ya sha mai ba a wanke shi, canzawa ake yi. Sabon shok mai arha ba lallai ne ya kai ingancin wanda ya zo da babur ɗin ba, don haka kada ka saya sai an tabbatar sandunan biyu sun wuce gyara.