Me Ya Sa Soyayyar Monika Ba Ta Wuce Bazara Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli wani tsohon fim na ƙasar Suwidin mai suna Sommaren med Monika (wato Bazara Tare da Monika), ina zaton masoyan za su ƙare cikin farin ciki, sai ga shi an tashi baram-baram. Shin masu shirya fim na can ba su yarda da soyayya ba ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Sun yarda da ita ƙwarai, sai dai Ingmar Bergman, wanda ya ba da umarnin fim ɗin da ya fito a 1953, ya ƙi raba soyayya da kuɗin haya da abin sawa a tukunya. Mun saba ganin iyaye ko wani attajiri su shiga tsakanin masoya a finafinan Indiya da namu na gida, amma a nan talauci da ƙuruciya ne suka yi wannan aikin.

Ki tuna inda suka fito. Harry ɗan aike ne a wurin sayar da tangaran, Monika kuwa tana aiki a rumbun kayan gwari, kuma gidan su Monika ƙuntatacce ne ga uba mashayi. Da suka ɗauke jirgin ruwan mahaifin Harry suka nufi tsibiran da ke wajen birnin Stockholm, guje wa wannan rayuwa suka yi. A ƙasar da hunturu ke da tsawo da duhu, bazara 'yan makonni ce kawai, saboda haka duk ɗan Suwidin da ya ga hasken rana a kan ruwa, yadda mai ɗaukar hoton fim ɗin, Gunnar Fischer, ya ɗauke shi, ya san an fara ƙirga kwanaki. Guzuri ya ƙare, ciki ya bayyana, har yunwa ta kai Monika ga satar gasasshen nama a gidan wasu masu hali.

Bayan sun dawo an ɗaura aure, Harry ya duƙufa ga aiki da karatun dare, ita kuma kukan jaririya ya ishe ta. A ganina, ƙarfin fim ɗin yana wurin da Harriet Andersson, wadda ta fito a Monika, take zaune a gidan shan shayi da wani namiji, ta juyo ta ƙura wa kyamara ido, bayanta yana duhu a hankali. Bergman bai wanke ta ba, amma ya bar mai kallo da nauyin yanke mata hukunci ido cikin ido.

Ina jan hankalin masu karatu cewa akwai ɗan tsiraici a ciki, wanda wani ɗan kasuwa a Amurka ya fake da shi a 1955, ya datse fim ɗin ya tallata shi tamkar na batsa. Ki nemi cikakkensa, wanda ya ƙare da Harry rungume da 'yarsa a gaban madubi, yana tuno ruwan tsibiran, dillalai kuma suna kwashe kayan ɗakinsu.