Waƙar kukan zalunci: ina iyakarta a shari'a?

Tambaya: Malam, ni Bahaushe ne mazaunin garin Damazin a ƙasar Sudan. Tun zanga-zangar da ta taso daga garin Atbara a Disambar 2018 kan tsadar burodi nake rera waƙoƙin kukan talaka. Bayan rikicin Yulin 2022 da aka kashe mana 'yan'uwa, abokaina sun matsa in yi waƙa a kan ƙabilar da muka yi faɗa da ita. Ya halatta?

Amsa: Ɗana, Allah Ya jiƙan waɗanda kuka rasa, Ya ba ku haƙuri.

Waƙa magana ce, mai kyanta halal, mummunarta haram. Wanda aka zalunta kuwa Allah Ya ba shi izinin ɗaga murya a Suratun Nisa'i, aya ta 148. Ko Suratush Shu'ara'i da ta zargi mawaƙa ta keɓe muminan da suka kare kansu bayan an zalunce su. Don haka waƙarka ta burodi ba laifi, muddin ba ƙarya, ba batsa, ba kiran ɗaukar makami. Kayan kiɗa akwai saɓanin malamai, mafi yawansu sun hana, ni ma barinsu na fi so maka.

Abin da abokanka ke nema ne ya tsaya min a rai. Ka dubi waƙoƙin yaƙin Bu'asu, wanda aka yi kafin hijira tsakanin Ausu da Hazraju, ƙabilu biyu na Madina. Buhari ya ruwaito 'yan mata biyu suna rera su a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Abubakar ya ƙyale su. Ibn Ishaƙ kuma ya kawo yadda Shasu ɗan Ƙaisu, wani dattijo mai adawa da Musulmi, ya tura wani saurayi ya karanta waƙoƙin wannan yaƙin a majalisar mutanen Madina don ya tono tsohon miki, har suka miƙe neman makamai. Sai da Annabi (SAW) ya fito ya tsawatar musu kan kiran jahiliyya, suka fashe da kuka, suka rungumi juna.

Waƙar da za ta tara ƙabila guda ta kira ta maƙiya tana bin sawun Shasu, haramun ce. A cikinsu akwai tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sanda ba, akwai wanda kuke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a. Baiti guda ya shiga WhatsApp yau, gobe yaro ɗan shekara 15 ya haddace shi ya fita da wuƙa, alhakin jinin har da kai.

Ka yi wa mamatanku marsiyya, ka nemi hukuma ta hukunta wanda ya yi kisa ko ɗan wace ƙabila ne, ka sa baitin ta'aziyya ga mamatan ɗaya ɓangaren.

Wallahu a'alamu.