Tambaya da Amsa: Zafin da ke Maƙalewa Ƙarƙashin Kwano

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana yana da tsawon mita 12, faɗi mita 10, rufin kwano mai gangare ɗaya, da silin na katako. Tun da bazara ta kama, ɗakunan ba sa shiguwa daga azahar har tsakar dare, fanka ma iskar zafi take hurowa. Magini ya saka guntayen tiyo huɗu a saman bango, ya ce ta nan zafin zai fita. Me ya rage ban yi ba? Daga wani magidanci, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunanin magininka daidai ne, ƙofofin ne suka yi ƙanƙanta ƙwarai. A Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwanon da rana ta daka yana iya kai digiri 70. Iskar da ke tsakaninsa da silin sai ta gasu, ta rasa mafita, ta gasa silin da kan bango. Shi kuwa bulon siminti yana riƙe zafi, sai dare ya yi yake sako shi, abin da ya sa kake jin ɗaki kamar tanda bayan isha'i.

Iska mai zafi sama take yi, amma ba za ta fita ba sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Saboda haka ƙofa biyu ake bukata: ta shiga a ɓangaren da kwano ya sauko, ta fita a ɓangaren da ya fi tudu. Mafi ƙarancin mizanin da ake bi shi ne faɗin ƙofofin duka ya kai kashi 1 cikin 150 na faɗin silin. Naka murabba'in mita 120 ne, ke nan kana bukatar murabba'in santimita 8,000 a buɗe, rabi ƙasa, rabi sama. Bakin tiyo mai faɗin santimita 10 bai cika murabba'in santimita 80 ba. Huɗun da aka saka maka ba su kai 320 ba. Sai ka jera wajen ɗari kafin su biya bukata.

A maimakon haka, a cire bulo ɗaya ɗaya. Gurbin bulo, santimita 40 da 20, yana ba da 800, amma raga da ƴar rumfar da za a yi masa suna cinye kusan rabi, don haka ka lissafa 400. Gurbi 20 ke nan, goma a bangon ƙasa, goma a na sama, a rarraba su daidai da juna. Na saman su matso dab da kwano. Idan a ɓangaren ƙasa tazarar silin da kwano ba ta kai santimita 20 ba, a yi su dogaye sirara, 80 da 10. Kada a yarda a fasa ɗamarar kankaren da ta zagaye ginin, ita ke riƙe rufin ranar iska.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa: bangayen da suka raba ɗakuna galibi suna hawa har su taɓa kwano. Idan haka naka yake, iska za ta shiga ta ci karo da bango ta tsaya. A sa yaro ya leƙa ta ƙofar silin da fitila, da sassafe kafin wurin ya yi zafi, in an ga haka a huda su ma.

Raga kuma, a sa ta waya mai ido kamar milimita 6. Tana hana jemage da tsuntsaye da ƙadangaru, ba ta kuma toshewa da wuri. Ragar sauro ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta like ta. Ko wacce aka sa, a goge ta da buroshi a ƙarshen Fabrairu. Leɓen gurbin ya gangaro waje, a kuma kifa masa guntun kwano a sama, musamman bangon gabas, don daga nan hadarin damina ke tasowa da iska, yana watsa ruwa a kwance. Silin ɗin katako da ya sha ruwa sau biyu ya gama yawo.

Sai dai mu faɗa maka gaskiya, Malam: ƙofofin nan kaɗai ba za su sa ɗaki ya yi sanyi ba. Mafi yawan zafin da ke sauka kan silin hucin kwanon ne kai tsaye, irin wanda kake ji a fuska idan ka zauna gaban garwashi, ko da iska na kaɗawa. Maganinsa biyu. A wanke kwano, a shafa masa farin fenti na ƙarfe hannu biyu. Kada a yi da farar ƙasa, tana cin kwano, ruwan farko kuma ya wanke ta. Na biyu, a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin katakon rufi, da tazarar aƙalla santimita 3 daga kwano, fuskar mai ƙyalli tana kallon ƙasa. Idan aka kwantar da ita kan silin tana kallon sama, ƙura za ta rufe ta, amfaninta ya ragu sosai. In kuɗi bai kai a yi duka ba, fara da ƙofofi da fenti.

Tambaya: Na ga wata fanka mai kama da tulu tana juyi a kan rufin manyan shaguna. In sa ta a gida? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Alhaji, tana aiki, kuma ba ta shan wuta, iska ce ke juya ta. Amma ƙofar fita ce kawai. Idan babu ta shiga, sai ta riƙa zuƙo iskar ɗaki ta tsagun silin, in kana da na'urar sanyaya ɗaki ka ga asara. Mai baki santimita 30 guda biyu, a wurin da rufi ya fi tudu, sun dace da matsakaicin gida. Ƙura tana kashe boris ɗinta; da ka ji ta fara ƙara ko ta karkace, a duba ta kafin damina. A tura leɓenta na sama ƙarƙashin kwano, na ƙasa ya hau kansa, in ba haka ba nan yoyo zai fara.

Tambaya: Nawa rufin kankare ne, babu silin balle wurin huda. Da dare sai mu kwana a tsakar gida. Akwai dabara? Daga wata uwargida, unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Akwai, Hajiya. Kankare yana shan rana yini guda, ya yi ta amayar da zafin har asuba, don haka a hana rana taɓa shi. Mafi arha, a shafe samansa da farar ƙasa hannu biyu a farkon Maris, a sabunta duk shekara. Mafi inganci, a yi masa rumfar kwano a sama, a ɗaga ta kamar rabin mita, a bar gefunan a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Irin wannan rufi biyu ne mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi wa makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001: kwano a ɗage kan ƙarafa, silin na tubalin ƙasa a ƙarƙashi. Ki sa mai walda ya kafa ƙafafun rumfar a jikin ɗamarar ginin da noti, ya toshe kewayensu don yoyo. Ɗora duwatsu ko tsofaffin tayoyi ba ya riƙe kwano idan iskar Yuni ta shiga ƙarƙashinsa. Da rana a rufe tagogi tun hantsi, bayan magariba a buɗe waɗanda ke fuskantar juna har gari ya waye.