Amsa ga Hajiya: wa ke tura motar asibiti idan an kira 999?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ta zame a banɗaki, kin kira 999, matar da ta amsa ta yi ta jero miki tambayoyi, motar asibiti kuma sai bayan awa biyu ta iso, shi ne kike tambaya ko tambayoyin ne suka cinye lokacin. Shekarata huɗu ina aikin amsa kiran 999, lambar gaggawa a nan Ingila, don haka bari in gaya miki yadda ɗakin da muke aiki yake.

Wanda ya fara ɗaga wayarki ma'aikacin kamfanin sadarwa na BT ne, shi ke haɗa ki da mu. Mu masu amsa kira yawancinmu ba likitoci ba ne, ba nas ba ne. An horar da mu ne a kan wata manhaja, wasu yankuna NHS Pathways, wasu AMPDS, kowace amsa kika bayar ita ke fito da tambaya ta gaba, kuma ba a yarda mu tsallake ba.

Mota kuwa ba a hannunmu take ba. Masu tura motoci teburinsu daban, taswira a gabansu, suna ganin inda kowace mota take. Da zarar na rubuta adireshi da abin da ya faru, ya bayyana a kwamfutarsu. Ina yi miki tambaya ta biyar, su tuni sun fara neman mota.

Tun 2017 aka raba kira gida huɗu. Na farko shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya ko numfashi ya ɗauke, ana son a kai gare shi cikin kimanin minti 7. Na biyu irin su bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, minti 18. Tsohuwar da ta faɗi amma tana magana, tana numfashi daidai, galibi rukuni na uku take shiga, inda ma'aunin shi ne a isa wa tara cikin goma a awa biyu. Ana iya turo muku mota, tana hanya a karkatar da ita zuwa wani da ya daina numfashi. Ga kuma motocin da ke yin layi a ƙofar asibiti suna jiran gado. Na san zaman jiran nan da zafi, uwa a ƙasa kan tayil mai sanyi, mu ma yana ci mana rai.

Akwai teburi na uku, na nas-nas da ma'aikatan jinyar gaggawa. Su ne ke sake kiran masu jira, kuma suna da ikon ɗaga kira zuwa rukunin sama. Don Allah idan baƙuwar lamba ta kira ki a irin wannan lokaci, ki ɗauka.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shi ne "da sauƙi". Mun saba, ko mutum na jin jiki sai mu ce alhamdulillah da sauƙi. A wayar nan, abin da kika faɗa shi ake rubutawa. Wata asuba wani saurayi ya kira, babansa ya faɗi. Na ce yana numfashi? Ya ce e, minshari ma yake yi. Na ce duk sanda ya ja numfashi ka gaya min. Shiru ya yi tsawo tsakanin ɗaya da ɗaya, nan na gane zuciya ce ta tsaya. Na sa ya kwantar da shi rigingine a ƙasa, ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirji, ina ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana dannawa yana kuka, har na ji muryar ma'aikatanmu a ɗakin. Da na tsaya a kan "e" ɗinsa na farko, da wani rukunin aka sa su.

Saboda haka ki fara da adireshi da lambar yankinku, wato postcode, ki faɗi abin da idonki ya gani, ba ƙari ba ragi. In Turancin ya sarƙe saboda ruɗewa, ki nemi tafinta. In kuma jikin Mama ya canza kuna cikin jira, ta fara ruɗewa ko numfashinta ya sauya, ki sake buga 999 nan take, za a sake tantance ta. Yaya ƙafar tata yanzu, an yi hoton?