Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Lissafin Iskar Gona Ke Hawa da Sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillalin masara ne a Asawase, Kumasi, ina saro kaya daga Ejura da Techiman. Ɗana ya nuna mini jadawalin iskar da ke ɗumama duniya wadda noma ke fitarwa a Ghana. Wata shekara ta hau, wata ta sauka. Wa ke auna ta? In ta sauka, gyara aka samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba wanda ke zaga gonaki da na'ura yana auna iska, lissafi ake yi. Hukumar kare muhalli ta EPA ce ke haɗa na Ghana, hukumar abinci ta duniya, FAO, ita ma tana da nata tun daga 1961. Ana tattara yawan takin zamani, faɗin gonakin shinkafa da filin da wuta ta ci, sai a ninka kowanne da ƙiyasin da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya tsayar.

Ɗauki buhun yuriya mai kilo 50. Kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, wato kilo 23. A ƙa'idar IPCC ta 2006, kashi 1 cikin 100 na wannan yana tashi a matsayin iskar naitiros oksaid, giram 230 na naitirojin ke nan, wanda idan ya haɗu da iskar oksijin yake zama kimanin giram 360. Kada ka raina ta: kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 265 na kabon dayoksaid. Buhu guda ya ba da kusan kilo 96, ban da kilo 37 na kabon dayoksaid da yuriyar ke saki idan ta narke. Buhun NPK 15-15-15 naitirojin kilo 7.5 ke cikinsa, na amoniya kuwa 10.5. Ko sauya irin takin da manoma suka fi saye ya isa ya motsa jadawalin.

Daga nan hawa da saukar ke zuwa. A 2017 gwamnati ta fara shirin Planting for Food and Jobs, tana biyan rabin kuɗin taki, manoma suka ƙara zubawa. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren da faɗuwar darajar sidi suka sa taki ya yi tsada, da yawa suka rage. Saukar da irin wannan ke kawowa ta rashin kuɗi ce, kuma kai ma ka ga sakamakonta a farashin buhu. Farin da ya kama arewa da tsakiyar ƙasa a Yuli da Agusta 2024 ya fi muni: an riga an zuba taki, lissafi ya ɗauka, masara kuwa ba ta yi ba. Shi ya sa muka fi yarda da a raba iskar da yawan amfanin da aka girbe, a ga nawa ta kama kowane buhu.

Ka ce wa ɗanka ya duba abu biyu. Takin da aka sauke a tashar Tema a ƙarshen shekara yana iya shiga lissafin bana alhali sai baɗi za a zuba shi. Sannan ma'aunin kansa yana canzawa: don a mayar da mitan, iskar da gonar shinkafa da ƙona kara ke fitarwa, zuwa ma'aunin kabon dayoksaid, tsofaffin rahotanni suna ninka ta da 21 ko 25, sababbi da 28. Kada ya haɗa alkaluman rahoto biyu a layi ɗaya.

Tambaya: Ina sayar da shinkafar gida a Aboabo, ƙanena kuma yana noman rani a Asutsuare. An ce masa ya riƙa barin gona ta bushe. Ba zai kashe shinkafar ba?

Amsa: Hajiya, ba zai kashe ta ba in ya bi ƙa'ida. Idan ruwa ya kwanta a kan laka, iska ba ta shiga, sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su riƙa cin ruɓaɓɓen kara suna fitar da mitan. Ƙiyasin 2006 shi ne kilo 1.3 a kowace hekta kullum, wato kilo 156 a kwana 120. Shinkafar tudu ba a lissafa mata mitan sam.

Ya sami bututun roba mai tsawon santimita 30, ya huda rabinsa na ƙasa da ƙananan ramuka, ya kafa shi a gona har ramukan su nutse, ya kwashe lakar ciki. Bayan mako biyu zuwa uku da dashe, ya bar ruwa ya janye. Idan ya leƙa bututun ya ga ruwa ya yi ƙasa da santimita 15 daga doron ƙasa, ya sake ban ruwa zuwa santimita 5 a sama. Haka zai yi ta yi. Amma daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, kada ruwa ya yanke, domin ƙishi a lokacin nan shi ke kawo zangarniya marar ƙwaya. Ana rage ruwan da ya kai kashi 30 cikin 100, mitan kuma daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi.

Inda ake tuntuɓe: gonar da ba a daidaita ba, gefe ɗaya ya ƙone ɗaya na cikin ruwa; ciyawa, wadda ke samun sarari da zarar ruwa ya janye; da kuma magudanar da ba ta da tabbas. In ba shi da tabbacin samun ruwa ranar da yake so, kada ya jira har santimita 15. Karan shinkafa kuma ya binne shi fiye da kwana 30 kafin ya cika gona da ruwa.

Tambaya: Ƙona kara bayan girbi yana cikin lissafin?

Amsa: Mitan da naitiros oksaid na hayaƙin suna ciki. Kabon dayoksaid ɗin ba a sa shi, don shukar baɗi za ta sake zuƙe shi. Shekarar da hunturu ya yi tsanani wuta takan ci fili da yawa, kamar gobarar dajin 1983, wadda bayanta aka kafa dokar hana gobarar daji mai lamba 229 ta gwamnatin soja ta PNDC a 1990. Wutar tana tafiya da kusan duk naitirojin da ke cikin karan, manomi kuma ya koma shago ya saye shi a buhu.